Fada Tansi, Hedimastan Da Ya Koma Ɗalibi

Kowane ɗalibi da ke cikin wannan kwaleji tamu ta Keffi akwai abin da ya ke hange in ya fita. Wani so ya ke a wayi gari ga shi hedimasta, wani sufeton makarantu, wani ma tun yanzu ya fara lissafin albashi. Ba laifi ba ne, don kowa ya yi noma yana sa ran girbi. Amma ina so in ba 'yan'uwana labarin wani malami ɗan ƙasarmu wanda ya sami abin da mu ke hange tun yana saurayi, ya ajiye shi. Ya kuma sami wanda ya fi wannan, shi ma ya ajiye. Daga ƙarshe ya rasu a ƙasar sanyi yana aikin da yaran gida ke yi. Sunansa Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, mutumin ƙasar Ibo, firist na Ekklesiyar Katolika.

Ƙuruciyarsa

An haife shi cikin watan Satumba 1903 a wani ƙauye da a ke kira Igboezunu, kusa da Aguleri. Aguleri kuwa tana bakin kogin Anambra, wanda ke gangarawa ya faɗa Kwara dab da Anacha. Ubansa, Tabansi, manomi ne talaka, kuma da shi da matarsa addinin gargajiya su ke bi. Kafin haihuwar yaron, mutanen Kamfanin Neja, watau Turawan ciniki da ke riƙe da bakin Kwara a zamanin nan, sun taɓa kama Tabansi suka tsare shi, daga baya suka sake shi. Da aka haifa masa ɗa sai ya raɗa masa suna Iwene, ma'anarsa kada ƙeta ta yi kisa.

A lokacin nan Mishan ba ta daɗe a ƙasar ba. Cikin 1885 ne Fada Lutz da abokansa suka sauka Anacha, shekara guda bayan da waɗansu Fadoji suka sauka Lokoja. Mu nan Arewa sai cikin 1907 aka kafa Mishan ta Shendam. Shugaban Mishan na Anacha, Fada Shanahan, mutumin Ailan, ya ga babu hanyar da ta fi makaranta, saboda haka ya dage wajen buɗe makarantu ƙauye ƙauye. Cikin 1909 aka kai Iwene unguwar Kirista ta Aguleri, aka danƙa shi hannun wani ɗan'uwansu malamin makaranta. Nan ya yi ɗiban ruwa da itace da share-share, kamar yadda yawancinmu muka yi a gidajen malamanmu, yana kuma zuwa makaranta. Yana da shekara wajen 9 aka yi masa baftisma aka sa masa suna Michael, watau Mika'ilu.

Tun yana ƙarami wani tsautsayi ya same shi. Suna wasan jifa da laka shi da yara, sai aka same shi a ido, idon nan ya mutu. Duk karatun da ya yi a duniya, da duk littattafan makwaransa da ya duba, da ido ɗaya ya yi su.

Malanta

Yana da shekara 16 ya sami takardar shaidar gama makaranta, wadda a zamanin nan ta isa a ba mutum aji. Ya koyar a makarantar Holy Trinity ta Anacha, sa'an nan aka mai da shi garinsu aka ba shi hedimasta na makarantar St. Joseph ta Aguleri. Ku duba fa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga shi shugaban makarantar da ya yi karatu a cikinta. A ƙauye a wannan zamani malami shi ne mai karanta wa mutane wasiƙa, shi ne tafinta in Bature ya zo, shi ne mai albashi ƙarshen wata. Danginsa duk suka zuba masa ido, suna cewa talauci ya ƙare.

Cikin shekarun nan na malanta wani babban baƙin ciki ya auka masa. Aka yi ta mace-macen yara a ƙauyensu, wani boka ya ɗora wa uwarsa laifin maita, aka tilasta mata shan guba bisa ga al'adar wurin, ta mutu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin zafin da ya nuna daga baya ba wajen yaƙi da al'adun da ke cutar mata da marasa gata.

Cikin 1925 ya ajiye hedimasta ya shiga makarantar horon firistoci ta St. Paul a Igbariam. Dangi suka yi fushi ƙwarai, kuma in an bi ta wajensu suna da hujja. Firist ba ya aure, ba ya barin magaji, ba ya tara dukiyar da za a ci. Ga shi kuma a lokacin babu ɗan ƙasar Ibo ko ɗaya da ya taɓa zama firist, sai cikin 1930 aka naɗa na farko, Fada John Anyogu. Horon kuwa dogo ne mai tsanani, a kan sallami mutum a kan ƙaramin abu, da yawa sun shiga ba su kai ba. Wanda jiya shi ke buga ƙararrawa yara su ruga, yau shi a ke buga wa. Shekara 12 ya yi a haka. Ran 19 ga Disamba 1937 Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a babbar majami'a ta Anacha, yana da shekara 34.

Aikinsa Na Firist

Da farko aka tura shi Nnewi ya zama mataimakin Fada Anyogu. Bayan kamar shekara biyu aka ba shi sabuwar Mishan ta Dunukofia, ya riƙe ta har 1945. Daga nan sai Akpu, har 1949, kana aka kai shi garinsu Aguleri. Kowace Mishan daga cikin waɗannan tana da ƙauyuka masu yawa a ƙarƙashinta, kuma yawanci a ƙasa ko a kan keke ya ke zaga su, rani da damina.

A nan ne baiwar da Allah ya yi masa ta fito fili. Mutum ne mai iya tsara aiki, mai iya tara jama'a ya sa su yi abin da da ba su yi niyya ba. In za a gina makaranta ko majami'a ba ya tsayawa a inuwa yana nuni da sanda, shiga ya ke cikin masu kwaɓa ƙasa a yi da shi. Ɗakin da ya ke kwana na ƙasa ne irin na talakawansa, abincinsa kaɗan ne ƙwarai, har mutane su kan ji tausayinsa. Ya kan zauna sa'o'i masu yawa yana sauraron masu zuwa furta zunubansu, wani lokaci har dare ya yi. Ya tara yaran manyan azuzuwa su kwana a Mishan don ya sa ido a kan karatunsu da halinsu. Ya buɗe gidaje inda 'yammatan da aka yi wa baiko za su zauna su koyi addini da ɗinki da riƙon gida kafin a ɗaura aure. Akwai kuma waɗansu mutane a ƙasar Ibo da a ke kira osu, waɗanda aka ce an keɓe kakanninsu ga gumaka, ba a aure da su, ba a cuɗanya da su. Fada Tansi ya tsaya a kan cewa a gaban Allah babu wannan bambanci.

Ran 1 ga Nuwamba 1941, sa'ad da ya ke Dunukofia, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mutumin Eziowelle baftisma. Sunan yaron Francis Arinze. Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

Amma kada a ɗauka mutum ne marar aibi. Waɗanda suka zauna ƙarƙashinsa sun shaida yana da tsanani. Abin da ya ɗora wa kansa shi ya ke so kowa ya ɗauka, alhali kuwa ba duka wuya ke ɗaukar kaya ɗaya ba. Makara kaɗan ko ƙaramin sakaci ya isa mutum ya sha horo. Jama'a suna ƙaunarsa, suna kuma shakkarsa. Irin wannan aibi ya fi kama mai baiwa, don abin da ya zo masa da sauƙi ya kan zaci kowa ma haka ne.

Gidan Sufaye

Bishop Heerey ya daɗe yana so a kafa gidan sufaye a ƙasarsa, watau gidan da maza za su keɓe kansu daga harkar duniya, su zauna ga addu'a da aikin hannu har mutuwa. Ya nemi wanda zai tafi Turai ya koyo wannan zama ya komo ya kafa shi. Fada Tansi ya ba da kansa. Cikin 1950 ya tafi ziyara Rum, daga can ya wuce Ingila, ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard, kusa da birnin Lesta. Daga baya wani firist ɗan ƙasarsu, Fada Clement Ulogu, ya bi shi.

Ya kamata a san irin gidan da ya shiga. Mutanensa su ne a ke kira 'yan Trappist, masu bin ƙa'idar Waliyyi Benedict da tsanani. A zamanin nan su kan tashi wajen ƙarfe 2 na dare su shiga majami'a su yi ta rera Zabura, sa'an nan su yi ta komawa addu'a lokaci lokaci har faɗuwar rana. Ba su cin nama. Ba su hira, in da larura sai su yi wa juna alama da hannu. Tsakanin addu'a da addu'a kowa ya kama aikin da aka sa shi, ko gona, ko kicin, ko wanki. Kuma wanda ya zo yau shi ne ƙarami, ko da furfura ya zo.

To, ga mutum ya ba shekara 46 baya, wanda ya riƙe Mishan uku, wanda in ya yi magana dubban mutane ke motsi, an sa shi a ƙarshen layi tare da samarin da ya isa ya haifa. Wajen shekara biyu da rabi ya yi yana zaman jira kafin ma a karɓe shi cikin masu koyo, cikin Disamba 1952. A gidan nan aka ba shi suna Cyprian. Ran 8 ga Disamba 1956 ya ɗauki alkawarin ƙarshe, wanda a cikinsa akwai biyayya ga shugaba da zama a gidan har mutuwa, sai fa in shugaba ne ya aike shi wani wuri. Ayyukan da aka ba shi su ne hidimar ɗakin cin abinci, da ɗinkin littattafai, da aikin lambu. Mai wa'azin da a kan cika majami'a don a ji shi, ya koma goge tebur da jera kwanoni, bakinsa a rufe.

Sanyin Ingila ya ba shi wuya, ga shi kuma ya yi fama da gyambon ciki. Malamin da ke horon sababbin sufaye mutum ne mai tsanani, ba ya ƙyale kuskure ko ƙanƙane. Nan Fada Tansi ya ɗanɗana abin da shi kansa ya sha ba waɗansu, ya gane cewa da ya yi wa na ƙarƙashinsa nauyin hannu. Bai yi gunaguni ba, bai kuma nemi a tuna da matsayinsa na da ba. Sufayen da suka zauna da shi abin da suka riƙe game da shi shi ne haƙuri da fara'a da yawan addu'a. Da yawa daga cikinsu ba su san girman aikin da ya bari a gida ba sai bayan rasuwarsa.

Ana cikin haka duniya tana ta juyawa a gida. Cikin 1957 aka naɗa Fada Anyogu Bishop. Cikin 1960 Nijeriya ta sami mulkin kai, 'yan ƙasa suna ta hawa kujerun da Turawa suka bari, a Gwamnati da Ekklesiya duka. Da Fada Tansi yana gida, da wuya a ce ba a ba shi wani babban matsayi ba.

Saura abu ɗaya da ya ke riƙe da shi, watau begen komawa ya kafa gidan sufaye a ƙasarsu. Shi ma aka karɓe. Da shugabannin Mount Saint Bernard suka shirya kafa sabon gida a Afirka cikin 1963, sai shawara ta tsaya a kan Kamaru, kusa da Bamenda, maimakon Nijeriya. Abin ya yi masa zafi, amma ya karɓa. Aka zaɓe shi ya zama malamin sababbin sufaye a can. Kafin ya tashi sai ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibitin Lesta. Ran 20 ga Janairu 1964 babbar jijiyar jini ta fashe masa, ya rasu yana da shekara 60. Aka binne shi a makabartar sufaye. Cikin firistocin Nijeriya da suka zo jana'izarsa akwai yaron nan na Eziowelle, wanda a lokacin ya riga ya zama firist yana ƙarin karatu a London.

Ko Ya Binne Baiwarsa?

Mai hankali zai iya tambaya, shin wannan ba hasara ba ce? Cikin Bishara ta hannun Matiyu, sura 25, Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin maigida da ya raba wa bayinsa dukiya zai yi tafiya. Biyu suka juya tasu ta yi riba, ɗaya ya haƙa rami ya binne tasa, aka hukunta shi. Ga ƙasa tana kukan rashin firistoci da malamai, ga gwani ya tafi ya kulle kansa yana goge tebur shekara 13. Ashe ba shi ne bawan nan na uku ba?

Ni a ganina ba shi ba ne, ga kuwa dalili. Bawan da ya binne dukiya tsoro ne ya sa shi, da ƙyashin ya yi wahala wani ya ci riba. Fada Tansi kuwa bai taɓa gudun aiki ba, ya juya abin da aka ba shi shekara 6 a aji, shekara 13 a Mishan, har jikinsa ya gaji. Abin da misalin ke koya mana shi ne dukiyar ta maigida ce, bawa riƙo aka ba shi. In haka ne, maigida yana da iko ya ce a kai ta wata kasuwa, ko da bawa yana ganin kasuwar da ya saba ta fi ciniki. Tafiyarsa Ingila ma ba ƙirƙirarsa ba ce shi kaɗai, Bishop ɗinsa ne ya nema, shi kuwa ya amsa. Bangaskiya ita ce ta sa ya yarda cewa addu'ar da ba mai gani aiki ce, tun da Almasihu kansa ya yi wajen shekara 30 a Nazarat a gidan massaƙi kafin ya fara wa'azi. Tawali'u kuma shi ne ya sa da aka karɓe masa aikin da ya ƙware a kai, bai ɗauka an karɓe masa kansa ba.

Sau da yawa mu kan ɗauka tawali'u shi ne mutum ya ce bai iya kome ba. Wannan ƙarya ce, wani lokaci ma lalaci ne aka yi wa ado. Fada Tansi ya san ya iya koyarwa, ya san ya iya shugabanci, ya kuwa yi su da ƙarfinsa duka sa'ad da aka sa shi. Abin da bai yarda ba shi ne baiwar ta zama ubangidansa. Ga yadda za mu gwada kanmu: in aka ba wani aikin da ka fi shi iyawa, aka sa ka ƙarƙashinsa, za ka taimake shi da zuciya ɗaya, ko za ka koma gefe kana jiran ya fāɗi?

Ribar kuwa ta fito, ko da ya ke shi bai gan ta ba. Yaran da ya horar da yawa sun zama firistoci da malamai. Francis Arinze ya zama Babban Bishop na Anacha cikin 1967, ya zama Kadinal cikin 1985, ya kuma yi shekara 18 a Rum yana shugabancin ofishin da ke kula da zumunci tsakanin Katolika da masu sauran addinai, musamman Musulmi. Gidan sufaye na Bamenda ya kafu. Daga baya aka sami irinsa a Nijeriya, akwai a Awhum kusa da Inugu, akwai kuma a Nsugbe, maƙwabtan Aguleri. Bayan shekara fiye da 20 da rasuwarsa aka tono ƙasusuwansa aka komo da su Anacha. Ran 22 ga Maris 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Oba, kusa da Anacha, ya sa shi cikin waɗanda Ekklesiya ke kira Masu Albarka, watau matakin da ke kafin a kira mutum Waliyyi. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan. Kashegari Paparoma ya yi babbar sujada a Kubwa ta Abuja, nan kusa da mu. Kowace shekara ran 20 ga Janairu Katolika na ƙasar nan su kan tuna da shi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Ba cewa na ke mu bar alli mu shiga gidan sufaye ba, wannan kira ne na mutane kaɗan. Amma ba da daɗewa ba za a rarraba mu. Wani zai sami makarantar cikin gari, wani kuwa za a jefa shi wani ƙauye bayan Garaku ko Gitata, inda babu benci isasshe, sufeto ma sai ya ga dama ya ke zuwa. Wanda ya fi kowa lissafi a ajinmu watakila aji ɗaya za a ba shi, ya shekara yana koya wa yara ƙirga tsakuwa. A ranar nan ne za a san ko don yara muka koyi malanta, ko don a gan mu. Yaron da ke zaune a ƙasa gabanka ba ka san abin da zai zama ba, kamar yadda Fada Tansi bai san wanda ya ke zuba wa ruwan baftisma a Dunukofia ba.

Sa'an nan mu tuna da darasin da shi kansa bai gama koya ba sai da ya tsufa a baƙuwar ƙasa. Malami mai kaifin kai ya fi kowa saurin fushi da yaro mai nauyin fahimta. Kafin ka ɗaga bulala, tuna cewa kaifin kan nan ba kai ka saya a kasuwa ba, ba ka aka yi, kuma domin wannan yaron aka ba ka. 'Yan'uwanmu Musulmi da mu ke zaune tare a kwalejin nan su ma haka malamansu ke koya musu, cewa ilmi amana ne, girman kai kuwa rawanin tsiya.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ya ba mu da hannu biyu, ya kuma ba mu ikon sakinsa ran da ya nema. Amin.